Dunƙulen Wanka da Sabulun Gida: Shawara Ga Matan Ƙasar Gatawa

Tun da wayar hannu ta shiga hannun 'yammata, tambayoyin da a ke yi mana a wurin taron mata sun sake. Da can maganar ajiyar wake ce da gyaran rumbu da ciwon awaki. Yanzu kuwa daga Gatawa har Sabon Birni da Isa an sha nuna mana hoton wani curi mai launi, kamar curin fura, wanda a ke jefawa cikin ruwan wanka ya yi ta tafasa yana kumfa, a ce mu koyar da yadda a ke yinsa, ko a sami abin sayarwa. Turawa suna kiransa da sunan bom. Mu a ƙasar nan mun ƙoshi da irin wannan suna, saboda haka za mu ce da shi dunƙulen wanka. Za mu bayyana yadda a ke haɗa shi, gama ba abin ɓoyo ba ne. Amma mun fi so mu daɗe a kan wansa, watau sabulu, ko sabuni kamar yadda mu ke faɗi a nan Gobir, domin shi ne gidajenmu su ke bukata. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa iyayenmu mata wannan shafi, musamman wurin da mu ka yi maganar soda da yara.

Abin da ke cikin dunƙulen

Wata mace a Ingila mai suna Mo Constantine ita ta ƙago shi a shekarar 1989. Daga baya ita da mijinta da abokan aikinsu su ka kafa kamfanin Lush a garin Poole a 1995, daga nan abin ya bazu cikin duniya. Abu biyu ne tushensa. Na fari garin soda ne, irin wanda masu burodi da cincin su ke saye. Na biyu farin gari ne mai tsami, mai kama da sukari, wanda a ke sa wa lemon kwalba da alewa, masu sayar da kayan haɗa lemo a manyan kasuwanni kamar ta Sakkwato da ta Maraɗi sun san shi. Muddin su biyun suna bushe, ba ruwan wani da wani. Da sun taɓa ruwa sai su kama juna da faɗa, iska ta fito, irin iskar nan da ke tasowa in an buɗe lemon kwalba.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga duk macen da ta taɓa dafa miyar sure. In ta jefa kanwa domin ta kashe tsamin, ai tukunya ta kan taso da kumfa, har ta nemi zubowa. To, faɗan ke nan, ba wani ba. Kanwa 'yar'uwar soda ce, tsamin sure da na tsamiya kuwa 'yan'uwan garin tsamin nan ne.

Ga yadda a ke haɗawa. A auna garin soda ludayi biyu, garin tsami ludayi ɗaya, busasshen sitaci ludayi ɗaya, a tankaɗe su tare cikin busasshiyar roba. A narkar da man kaɗanya cokali biyu, a riƙa ɗigawa ana murzawa da hannu. Mai son ƙamshi ta sa dakakken kajiji ko ɗigon turare. Sa'an nan a yayyafa ruwa da kan yatsa kaɗan kaɗan, har garin ya zama kamar rairayin gulbi da safe, wanda in an damƙe shi ya kan tsaya. In an ji yana ƙara tsi-tsi, ruwa ya yi yawa. A danna shi da ƙarfi cikin ƙaramin gwangwani, a juye a kan faifai, a bar shi a inuwa kwana ɗaya ko biyu. Da hunturu ya fi yin kyau. Da damina iska kanta tana da laima, sai a tarar ya kumbura ya fashe tun ba a kai shi kasuwa ba. Waɗansu sun tambaya ko ruwan lemon tsami zai maye gurbin garin. Ba zai yi ba, gama ruwa ne, nan take kumfar za ta ƙare a cikin roba. Kanwa ma ba mu yarda a sa ta a madadin soda ba, ta fi ƙarfin fata, ga kuma yashi a cikinta.

To, amma ina za a jefa shi? An yi dunƙulen nan ne domin babban bahon gidajen birni wanda mutum ya ke kwanciya a ciki, irin wanda ya kan sha ruwa lita 150 ko fiye. Jarka shida ke nan, wanka ɗaya, mutum ɗaya. Duk yarinyar da ta taɓa jan guga a watan bazara ta san abin da jarka shida ke nufi. Mu da bokiti mu ke wanka, da ƙoƙo, ruwan da ya sauka a jiki ya tafi ke nan. Har wa yau, kumfar dunƙulen ba ta fid da dauɗa. Iska ce kawai. Wanda ya yi wanka da shi, sai ya sake neman sabulu.

Inda mu ka ga yana da ɗan amfani shi ne ƙafa. Da hunturu, mai kaushi da faso ya jefa ƙarami ɗaya cikin bahon ruwan ɗumi, ya tsoma ƙafafu kamar minti 15, ya goge da dutse, man kaɗanyan da ke ciki zai tausasa fatar. Za a iya kuma sa shi cikin kayan amarya don sha'awa. Kada a sa wa jariri, kada a sa a ruwan da mai jego za ta zauna ciki, kada mai miki ya taɓa. Wadda ta ke da 'yar'uwa a Sakkwato ko Kano mai iya sayar mata, ta gwada kaɗan. Amma kada kowa ta sayar da akuya ta zuba kuɗin a wannan sana'a tana jiran masu saye a kasuwar ƙauye.

Dalilin da ya sa mu ke maganar sabulu

Tun cikin shekarun 1920, sa'ad da kamfanin Lever ya kafa masana'antarsa a Ikko, sabulun kanti ya yi ta hawowa Arewa, har kakanninmu su ka saki nasu na gida. Muddin hanya tana da lafiya, mota tana da araha, ba wanda ya damu. Yanzu kowa ya san halin da a ke ciki.  

A watan Mayu na 2023 ne a ka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau, kowane kaya ya bi shi. A cikin shekarar nan kuma a ka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin watan Yuli, ba a buɗe ta daga wajenmu ba sai watan Maris na 2024. Hanyar Sakkwato kuwa, a kanta a ka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a watan Yuli na 2024, a ka kashe shi cikin watan Agusta. Hanyar da ba ta bar sarki ba, ɗan tireda ba ya binta sai ya ɗora kuɗin tsoronsa a kan kaya. In kuɗin cefane ya gaza, uwargida ba za ta rage hatsi ba, ba za ta rage gishiri ba. Sabulu ne ya ke fara fita daga lissafi.

Ga shi kuwa lokacin da a ka fi bukatarsa ke nan. Mutanen ƙauyuka sun taru a cikin garuruwa, ɗaki ɗaya mutum goma, waɗansu a makarantu, waɗansu sun ƙetare zuwa jihar Maraɗi tun daga 2019. Inda jama'a su ka cunkushe, masai ya yi kaɗan, nan amai da gudawa ya ke samun ƙofa. A shekarar 2021 hukumar NCDC mai lura da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙidaya mutum fiye da 100,000 da a ke zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,000 su ka rasu, jihar Sakkwato tana cikin waɗanda abin ya fi taɓawa. Binciken likitoci a ƙasashe da dama ya nuna wanke hannu da sabulu, bayan fitowa daga masai da kafin a taɓa abinci, yana rage gudawa da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Wanke fuskar yara kowace safiya kuma yana cikin hanyoyin tsare su daga ciwon idon nan da ƙuda ke yaɗawa, wanda ya kan juya gashin ido ciki har ya makantar da mutum.

Ƙungiyoyin agaji na duniya suna da ƙa'ida da su ke bi, ana kiranta Sphere. A cikinta an ce kowane mutum yana bukatar sabulun wanka giram 250 a wata, da na wanki giram 200. Gida mai mutum goma ke nan yana bukatar kilo biyu da rabi na wanka kaɗai. Mai gida ya lissafa da kansa ko nawa ne wannan a kanti.

Hanyar toka

Sabulu kowane iri, na kanti da na gida, abu biyu ne a ka aurar: maiƙo da wani abu mai kaifi da zai narkar da shi. Sabulun salo da a ke kawo mana daga ƙasar Nufe da ta Yarabawa, da tokar ɓawon koko da na ayaba a ke yinsa, da man ƙwarar manja. Mu ba mu da koko, amma muna da karan hatsi da na dawa, da kowar wake, da ɓawon gyaɗa, da karan riɗi, tokarsu kuwa tana da kaifi ƙwarai. Matan Gobir ba sa bukatar malami a nan. Ruwan tokar da su ke tsiyayewa don miya da daddawar batso, shi ne dai, sai dai na sabulu ya fi ƙarfi nesa.

Abin da ke ba tokar kaifi shi ne gishirin nan da a ke rubuta shi da harafin K a jikin buhun takin zamani. Ruwa yana kwashe shi da sauri. Don haka tokar da ruwan sama ya daka a juji ba ta da sauran amfani, sai a tara ta a busasshen wuri cikin tsohuwar tukunya. A guji tokar da a ka ƙona leda ko roba ko tsumma a cikinta. Muna kuma gargaɗi kada kowa ya je gona ya tara kara ya cinna masa wuta don neman toka. Karan nan shi ne abincin bisashe da rani, shi ne darni, wanda ya saura a gona kuma shi ke riƙe ƙasa kada iska ta kwashe. Tokar murhu ta isa, tun da yawancin gidaje da kara su ke girki bayan kaka. In gida biyar su ka haɗa tokarsu ta mako biyu, an sami abin aiki.

A sami tukunyar ƙasa mai huda a gindi, a shimfiɗa ciyawa da tsumma mai tsabta a ciki, a cika da toka a danna. A ɗora ta a kan duwatsu, a sa wata a ƙarƙashi. A riƙa zuba ruwa a hankali. Ruwan sama ya fi, ko na gulbi da ya kwanta, gama ruwan rijiya mai zartsi yana rage ƙarfin aikin. Abin da ya tsiyaye ja-ja, a sake bi da shi ta cikin sabuwar toka. Sa'an nan a dafa shi ya ƙone ya ragu. Gwajinsa da ɗanyen ƙwai ne sabo: in ya nutse, da sauran dahuwa, in ya taso har kansa ya fito kamar faɗin kwabo, ya yi.

Daga nan sai haƙuri. A narkar da mai a wuta marar ƙarfi, a riƙa zuba ruwan tokar ludayi ludayi ana tuƙawa da muciya. Zai taso da kumfa, a rage wuta, ya kwanta, a ƙara. Aikin ya kan ci rabin yini. A hankali zai yi duhu ya yi kauri, ya fara sakin jikin tukunya kamar tuwon da ya nuna. A ɗebi kaɗan a narkar cikin ruwa. In maiƙo ya taso yana ido a sama, a ƙara ruwan toka. In ya yi kumfa amma yana cizon hannu, a ƙara mai. A nan ba mu da awo da za mu bayar, domin toka ba ta zama ɗaya, ta riɗi daban, ta dawa daban. Tsohuwar da ta taɓa yi ta fi takarda, in akwai ta a unguwa a je a gaishe ta a zauna kusa da ita. Sabulun toka yana da taushi, yana kuma shan laima da damina. Ɗan gishiri da a ka barbaɗa wajen ƙarshen dahuwa ya kan sa ya ɗan yi tauri.

Ina za a sami mai?

Nan ne sana'ar ta ke tsayawa ko ta faɗi. Man gyaɗa yana yin sabulu mai kyau, amma abinci ne, kuma in an lissafa kuɗinsa gara a sayi na kanti. Man kaɗanya daga kudu da mu a ke kawo shi, yana da tsada. Abin da ya rage mana uku ne: kitsen shanu da na tumaki daga wurin mahauta, wanda a ke narkarwa a tace, tsohon man suya na masu ƙosai da awara, wanda ya yi baƙi har bai kamata a ci ba, a tace shi da tsumma, da man itatuwan da ba wanda ya shuka don ci.

Aduwa tana cikinsu. Ƙwallonta yana da mai kusan rabin nauyinsa, ɓawon itacen ma da kansa yana kumfa, tsofaffi sun yi wanki da shi. Tun a 1933 wani likita a Sudan mai suna Archibald ya nuna 'ya'yan aduwa suna kashe dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya a cikin tafki, sai dai suna kashe kifi ma. Itace ne mai albarka. Amma yawancinsa a daji ya ke, mu kuwa ba za mu rubuta a takardar nan mace ta shiga daji tsintar aduwa a wannan zamani ba. Wadda ta ke da ita a bakin gari ko a gonar kusa, ta tara.

Bedi, wanda waɗansu ke kira darbejiya ko dogon yaro, shi yana cikin gari: ƙofar gida, filin makaranta, bakin kasuwa. Baƙo ne daga ƙasar Indiya, a 1928 a ka fara dasa shi a Barno, yau kuwa ya zama ɗan gari. Maƙwabtanmu na kwarin Majiya a Nijar sun jera shi layi layi tun daga 1975 don tare iska a gonaki. Tsuntsaye da jemagu su kan sha zaƙin 'ya'yan su yar da ƙwallon a gindin itacen, mu kuwa mu share mu ƙone. Abin da mu ke ƙonewa mai ne.

A tsince ƙwallon, a wanke sauran naman da ke jiki, a shanya a inuwa kwanaki har ya bushe sarai. A ajiye a buhun algarara ko kwando, ban da leda, gama zai yi fumfuna, wanda ya yi kuwa a zubar. A sa a turmi a fasa a hankali, a sheƙe ɓawon, a daka ƙwayar ta yi laushi. A yayyafa ruwa kaɗan a yi ta murzawa ana matsawa, kamar yadda a ke fid da man ƙuli-ƙuli, har mai ya fara tsattsafowa. Kilo ɗaya na ƙwaya ya kan ba da mililita 100 zuwa 150 da hannu. Watau kwalba ɗaya tana cin kilo biyar zuwa bakwai. Ba ƙaramin aiki ba ne, ba kuma na mace ɗaya ba, aikin gayya ne. A ware masa turminsa dabam. Kada kuma a kai shi injin markaɗe na unguwa, ɗacin ba zai fita ba, mai injin da duk wadda ta kawo markaɗen ƙosai bayanki ba za su yafe miki ba.

Wahalar ba ta tafi a banza. Tunkuzar da ta rage taki ce, tana kuma korar waɗansu ƙwarin ƙasa. Man kuma, in an shafe wake da mililita 2 ko 3 a kowane kilo, ya kan tsare shi daga ƙwari wata da watanni. Amma fa ba a shan man bedi. A Indiya da Malesiya an sami jarirai da su ka mutu don an ɗura musu shi da sunan magani.

Man bedi shi kaɗai yana ba da sabulu mai ɗan taushi da wari kamar na tafarnuwa. In an raba shi biyu da kitse, sai ya yi tauri, warin kuma ya ragu bayan ya kwana biyu. Mai sayarwa ta riƙa faɗa wa masu saye irin kitsen da ta sa, na sa ne ko na rago, don kowa ya saya da kwanciyar rai.

Hanyar soda, da hatsarinta

Sabulun sanda mai tauri, wanda a ke yankawa, da soda mai ƙuna a ke yinsa, wadda 'yan kasuwa ke kira kostik. Wannan dabam ta ke da sodar burodi da mu ka ambata a sama, kada a haɗa su ko a suna. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aiki ido bai isa ba, sai ma'auni. Ga kwalbar mai ɗaya, irin ta kasuwa mai santilita 75, ko na bedi ko kitse ko gaurayensu, a auna soda giram 90, da ruwa rabin ledar fiya wata. In ƙungiya ta sayi ƙaramin sikeli ɗaya ya ishe ta. A auna sau ɗaya a gwangwanin tumatir a yi masa zane, amma duk ran da a ka sayo sabuwar soda a sake aunawa, domin mai ɓarɓashi da mai ƙwaya ba sa cika gwangwani daidai.

A yi aikin a fili, a sa safar hannu ta roba ko a ɗaura leda. A zuba ruwa cikin roba mai kauri tukuna, sa'an nan a riƙa zuba sodar a kansa kaɗan kaɗan ana juyawa da sanda. Soda a kan ruwa, kada a juya wannan, gama in ruwa ya sauka a kan soda ya kan yi tsalle ya fantsama a fuska. Zai yi zafi da kansa ya yi tururi, a kau da kai. Tukunyar dalma, watau ta alminiyam, ba ta shiga wannan aiki ko na toka, soda tana cinye ta. In ruwan sodar ya huce, man ma ya zama ɗumi-ɗumi, a zuba ruwan cikin man siriri ana tuƙawa ba tsayawa, har ya yi kauri kamar kunu, wanda in an ɗiga a kansa alamar ta kan tsaya. Da hannu ya kan kai awa ɗaya ko fiye. A juye cikin akwatin katako da a ka shimfiɗa wa leda, a rufe. Bayan kwana biyu a yanka da zare ko wuƙa, a jera a inuwa inda iska ke ratsawa, a bar shi mako huɗu zuwa shida. Sabulun sodar da ke cin hannun mata a wurin wanki, yawanci an cika masa soda ne ko an sayar da shi ɗanye. Kwalba ɗaya tana ba da kusan giram 900, saboda haka kwalba uku sun ɗauke wa gidan mutum goma wankan wata guda.

Yanzu ga maganar da mu ka ce a karanta wa kowa. Ruwan soda ba shi da launi, ba shi da wari, kamar ruwan sha ya ke. Likitoci a Nijeriya da Gana da Saliyo sun sha ba da labarin yaran da su ka kurɓe shi a gidajen masu yin sabulu. Kurɓa ɗaya tana ƙone maƙogwaro, in ya warke ya tsuke, yaro ya kasa haɗiye ko kunu, waɗansu sai an huda musu ciki a ke ba su abinci. Kada a zuba shi a kofi, ko gorar ruwa, ko kwalbar lemo, ko da na minti ɗaya ne. Kada a jiƙa shi a bar shi ya kwana. A jiƙa iyakar wanda za a yi aiki da shi, babba ɗaya ta tsaya a kansa har ya shiga cikin mai, wata kuma ta tafi da yara wani gida. Busasshiyar sodar a ɗaure ta a kulle a akwati. Ruwan toka da a ka dafa ya yi ƙarfi, shi ma haka.

In ya zuba a jiki ko ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai yawa, minti 20 ba tsayawa. In yaro ya sha, kada a sa masa yatsa ya yi amai, gama zai sake ƙona shi wajen fitowa. Kada a ɗura masa manja ko lemon tsami ko tsamiya. A wanke masa baki, a ɗauke shi nan da nan zuwa babban asibitin Sabon Birni ko na Isa, a tafi da ledar sodar a nuna. In sun ce a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a wuce, ko da yaron ya yi shiru kamar ya warke. Tsukewar ta kan bayyana ne bayan makonni. Gidan da ke da ƙananan yara da yawa, ba kuma wurin kullewa, mu a ganinmu ya tsaya a hanyar toka, ko ya haɗa kai da gidan da ke da wuri.

Abin da sabulun bedi ba ya yi

Za a ji masu talla suna cewa yana maganin kowace cutar fata. Yana wanke jiki sarai, mutane da yawa kuma suna jin daɗinsa ga ƙaiƙayi da ƙurajen zufa. Amma ƙazwa, wadda ta yi yawa a wuraren da a ka cunkushe, wata 'yar ƙwaro ce da ke haƙa rami cikin fata, sabulu ba ya kai mata. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da a ka yi wa sakaci. Maganinta yana asibiti, na shafawa da na sha, kuma tilas a yi wa dukan mutanen ɗaki rana ɗaya, a wanke tufafi da mayafai a shanya su a rana, a fid da tabarmi. In an yi wa yaro ɗaya an bar 'yan'uwansa, bayan mako kaɗan za ta dawo. Makero a kan yara shi ma sai maganin sha.

Ga masu son sayarwa, shawararmu a yanka ƙanana. Mai saye a ƙauye ba ta da kuɗin sanda guda, tana da na yanki ɗaya yau, ta dawo jibi. A rubuta a littafi abin da a ka kashe, har da itacen wuta da ledar shimfiɗa, kafin a sa kuɗi. Ɓarɓashin da ya zube wajen yanka kada a zubar. A tara a jiƙa cikin tsohuwar gora, a huda murfin da ƙusa, a rataye ta a bakin masai kusa da buta.